Hatimin da Aka Tsinta a Lambu da Cocin da Teku Ya Cinye

A shekarar 1822 wani lebura yana haƙa a wani lambu a garin Eye, cikin yankin Suffolk da ke gabashin Ingila, sai ya tono wani ɗan ƙarfen tagulla wanda bai wuce a damƙe shi a tafin hannu ba. Bai ɗauke shi a bakin komai ba, ya miƙa wa wani yaro ya yi wasa da shi. Yaro kuwa da ya gaji sai ya jefa shi cikin wuta, Allah ya sa uwarsa na kusa ta tsamo shi. Da abin ya shiga hannun masu ilimi suka duba gindinsa, sai ga rubutun Latin a zagaye, an sassaƙa shi a juye yadda zai fito daidai in an danna shi a kan kaki. Abin da rubutun ya ce gajere ne: hatimin Ethilwald, bishop. Yau yana ajiye a gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan, kuma yana cikin 'yan tsirarun hatimai da suka rage daga Ingila ta kafin mamayar da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka yi mata a 1066.

An san mai hatimin. Ya riƙe muƙaminsa wani lokaci tsakanin 845 da 870, kuma shi ne na ƙarshe da aka sani a jerin bishop-bishop na wani wuri da tsofaffin takardu ke kira Dommoc. Inda gizo ke saƙar shi ne, har yau masana ba su daidaita a kan inda Dommoc yake ba.

Abin zai iya ba mutum mamaki. Dommoc ba wani ɗan ɗakin ibada na bayan gari ba ne. Shi ne mazaunin farko na shugaban cocin masarautar Angliya ta Gabas baki ɗaya. Malamin tarihin nan Bede, wanda ya kammala littafinsa a 731, ya ce wani Felix daga ƙasar Burgundy ya zo wa'azi a zamanin Sarki Sigeberht, wajen 630, aka ba shi Dommoc ya zauna, ya yi shekara 17 yana bishop a can har ya rasu. Bede ya rubuta sunan ne ga mutanen da suka san wurin, don haka bai ga dalilin yin kwatance ba, kamar yadda Bakano ba zai tsaya yi wa Bakano kwatancen Dala ba. Sai ga shi a 865 rundunar Vikin, mahara daga ƙasashen arewacin Turai, ta sauka a Angliya ta Gabas, a 869 suka kashe Sarki Edmund, jerin bishop-bishop ya yanke, takardun cocin yankin suka salwanta. Da ƙura ta lafa aka farfaɗo da muƙamin, sai mazauninsa ya kasance a Elmham, daga nan ya koma Thetford bayan zuwan Normawa, daga bisani ya tabbata a Norwich kafin shekarar 1100. Sunan Dommoc ya zauna a littafi, ƙasar da ke ɗauke da sunan ta zama kufai.

To me hatimin zai iya gaya mana? Kafin a amsa sai an fahimci aikin da hatimi ke yi wa mutanen wancan zamani, domin yawancin kurakuran da ake tafkawa a wannan fanni daga nan suke farawa.

Abubuwa biyu ake kira hatimi, kuma mai bincike ba ya haɗa su. Akwai ƙarfen da aka sassaƙa, na tagulla ko azurfa ko dalma, wani lokaci ma na haure, wanda za mu kira uwar hatimi. Akwai kuma sawun da take bari idan an danna ta a kan kakin zuma mai ɗumi. Kakin akan gauraya shi da ƙaro don ya yi ƙarfi, a rina shi ja ko kore, ko a bar shi da launinsa. Takardun na fata ne, don haka sai a tsaga gindin takardar, a zura tsirin fata ko zaren siliki, a damƙe bakinsa da curin kaki, a danna uwar hatimin a kai, sawun ya riƙa reto a ƙasan takarda. Uwa ɗaya tana iya haifar dubban sawu. Sawun kusan kullum yana manne da takarda mai sunaye, sau da yawa har da kwanan wata, don haka ana sanin wa ya buga shi da kuma dalili. Ita kuwa uwar, in an tsince ta a gona, ita kaɗai take zuwa, ba takarda ba shaida.

Mai karatu Musulmi ya san darajar wannan abu tun daga hadisin Anas: da Manzon Allah (SAW) ya yi niyyar rubuta wa Rumawa wasiƙa aka gaya masa ba sa karanta wasiƙar da ba hatimi, sai ya sa aka yi masa zoben azurfa mai ɗauke da sunansa. Al'adar ta daɗe a daular Rum, kuma cocin Turai ya gaje ta. A Ingila ta ƙarni na 9, lokacin Ethilwald, ba a rataya hatimi a takardun mallakar ƙasa ba tukuna. Alamar gicciye da jerin sunayen shaidu ake sakawa. Hatimi na rufe wasiƙa ne, ko kuma a ba ɗan aike ya nuna don a yarda daga wurin maigidansa yake. Sai a zamanin Sarki Edward mai lakabin Confessor, wanda ya yi mulki daga 1042 zuwa 1066, muke samun takardun sarauta masu hatimi a rataye. Daga nan abin ya bazu kamar wutar daji, daga sarki zuwa bishop, zuwa gidajen zuhudu, inda masu keɓe kansu don ibada ke zaune, har ya kai ga manoma masu 'yan hatimansu na dalma. A 1237 wakilin Fafaroma, Kadinal Otto, ya kira taron coci a Landan ya kafa doka cewa tunda Ingila ba ta da al'adar marubutan shaida na hukuma irin na Italiya, dole kowane bishop, kowane shugaban gidan zuhudu, kowace majalisar babban coci ta mallaki hatimi mai ɗauke da sunan muƙami ko na gidan.

Wanda yake son ya ga nauyin wannan ɗan ƙarfe a aikace, ya leƙa gidan zuhudu na Bury St Edmunds, nan cikin Suffolk ɗin dai, inda kabarin Sarki Edmund da Vikin suka kashe yake. Wani mazaunin gidan, Jocelin na Brakelond, ya rubuta abin da ya gani da idonsa a ƙarshen ƙarni na 12. A ƙarƙashin tsohon shugabansu Hugh, wanda tsufa ya ci ƙarfinsa, kowane mai riƙe da wani ofishi a gidan ya yanko nasa hatimin, yana cin bashi da sunan gidan ba tare da sanin kowa ba. Wani ɗaki ya rushe, ma'ajin kayan coci ya rasa kuɗin gyara, sai ya je a ɓoye ya ranto mark 40, wato kimanin fam 27, daga wani mai ba da rance da ruwa mai suna Benedict na Norwich. Da me ya buga takardar? Da wani hatimi da ke rataye kusa da kabarin waliyyin, wanda aikinsa kawai buga takardun ƙungiyoyin 'yan'uwantaka ne. Bashi hanji ne, in ji Hausawa, amma wannan ya kumbura: ya kai fam 100, aka sabunta takarda ya zama 400, aka sake sabuntawa ya zama 880. An fasa wancan hatimin daga baya, bayan aikin gama ya gama. Da Samson ya hau shugabanci a 1182, ɗaya daga cikin abubuwan da ya fara yi shi ne ya ce kowa ya kawo hatimin da ke hannunsa. Aka tara guda 33.

Ni wannan labari ya fi mini kowane bayani na masana. Kaki bai san wa ya danna shi ba. Muddin sawun ya fito, gidan gaba ɗaya ya yi magana, na raye da waɗanda za su zo bayan shekara ɗari. Shi ya sa aka riƙa kulle hatimin gama-gari a akwati mai makullai da yawa, mabuɗan a hannun mutane daban-daban, ba a buɗewa sai a gaban jama'ar gidan. A 1307 ma sai da majalisar Sarki Edward na Ɗaya ta sa hannu a lamarin: dokar Carlisle ta ce hatimin gidan ya zauna a hannun mataimakin shugaba da mutum huɗu masu hankali daga cikin 'yan zuhudun, don kada shugaba shi kaɗai ya ɗaure gidan da wata yarjejeniya. A Durham kuwa, in bishop ya mutu akan farfasa hatimansa a ajiye gutsattsarin a kabarin Waliyyi Cuthbert. Na Richard de Bury, wanda ya rasu a 1345, azurfarsu aka narka aka yi kofin ibada. Fafaroma shi da dalma yake bugawa, fuska ɗaya sunansa, ɗayar kawunan Bitrus da Bulus, kuma a zamanin Innocent na Uku ma'aikatan fadarsa har ƙirga ɗige-ɗigen da ke kewaye da kawunan suke yi don su kama takardun jabu.

Duk wannan yana nuna abin da aka ƙera hatimi ya faɗa: wane ne ke magana, da wane iko. Masu binciken tarihin coci kuma sukan zo masa da wata tambaya dabam, wato ina cocin yake, yaya kamanninsa. Wani lokaci yakan amsa, amma amsar gefe ce, kuma sai an yi hattara da ita.

Amsar da ta fi inganci tana cikin rubutun zagaye. Hatiman coci na ƙarni na 12 zuwa na 15 yawancinsu dogaye ne masu tsini sama da ƙasa, kamar ganyen mangwaro, domin siffar ta dace da hoton mutum a tsaye. Rubutun yakan fara da ɗan gicciye a sama, ya ce hatimin jama'ar cocin waliyyi wane na gari kaza. Nan take an samu abu biyu, sunan waliyyin da aka sa wa cocin da sunan garin a yadda ake rubuta shi a da. Ba ƙaramin abu ba ne wannan. A gari guda ana iya samun coci goma, kuma sunan waliyyi ne kaɗai ke bambanta su a takarda. Sunan yakan canza in an sake gini, ƙauyuka biyu masu suna ɗaya sukan rikita mai karatu, ƙaramin asibitin kutare ko ɗakin ibada na bakin gada yana iya ɓacewa daga kowane littafi ya rage a hatimi ɗaya tak. Akwai ƙananan gidajen addini da yawancin abin da aka sani game da su daga nan ya fito.

Hoton tsakiya ne ke yaudara. Wasu hatimai suna nuna waliyyin gidan, wasu suna nuna gini, kuma da zarar mai bincike ya ga gini sai zuciyarsa ta buga, ya ce ga cocin nan yadda yake kafin a rushe shi. Misalin da aka fi kawowa shi ne na Chichester a kudancin Ingila. Asalin mazaunin bishop na yankin yana Selsey ne, a bakin teku, inda bishop Wilfrid ya kafa gidan zuhudu wajen 681 a ƙasar da sarkin yankin ya ba shi. A 1075 taron coci ya yanke cewa bishop-bishop su bar ƙauyuka su koma birane, aka tashi daga Selsey zuwa Chichester, tsohon cocin ya shuɗe. Wasu sun ce teku ya haɗiye shi, har marubucin ƙarni na 16 William Camden ya ce ana hango kangonsa in ruwa ya janye. Wasu sun ce yana nan a tudu, a wurin da ake kira Church Norton. Sai ga hatimin majalisar babban cocin Chichester na ƙarni na 13 ɗauke da hoton wani coci mai tsohon fasali wanda bai yi kama da ginin Chichester ba ko kaɗan. An daɗe ana cewa hoton Selsey ne, an kwafo shi daga wani tsohon hatimi.

Yana iya yiwuwa. Amma maƙerin da ya sassaƙa ƙarfen yana aiki ne a fili mai faɗin 'yan yatsu, kuma abin da aka biya shi ya yi shi ne alamar da duk wanda ya gani zai ce wannan coci ne mai daraja da daɗewa. Yana iya kwafa daga littafin zane, ko daga hatimin wani gida da ya burge shi, ko daga akwatin ajiye ƙasusuwan waliyyai da aka ƙera da siffar gini. A ƙarni na 13 gasar ta kai ga ana haɗa uwar hatimi daga faranti da yawa, kamar ta gidan zuhudu na Southwick, yadda in an gama bugawa za ka ga 'yan fuskoki suna leƙowa ta tagogin ginin kaki. Gwaninta ce ta ban mamaki, kuma ba wanda zai ce haka Southwick yake. Ga kuma matsalar shekaru: gida ɗaya yana iya amfani da uwar hatimi ɗaya shekara ɗari uku, don haka sawun da ke kan takardar 1500 yana iya ɗauke da hoton da aka zana a 1200 na ginin da aka riga aka rushe a 1100. Ko da hoton Chichester na Selsey ne da gaske, bai ce mana ko a gaɓar ruwa cocin yake ko a tudu ba.

Duwatsu ma suna yaudara, kada a ce na ɗora wa kaki laifi shi kaɗai. A North Elmham akwai wani kango da aka shekara da shekaru ana nuna wa baƙi a matsayin babban cocin zamanin Saksonawa, wato mutanen Ingila na kafin zuwan Normawa. A shekarun 1980 aka sake duba gininsa da kyau aka gane ɗakin ibada ne da bishop na Normawa, Herbert de Losinga, ya gina wajen 1100.

Saboda haka mai neman inda wani coci yake ba ya dogara da shaida ɗaya, kuma ginshiƙin aikinsa takardun haraji ne, domin mai karɓar haraji ba ya mantuwa da inda kuɗi yake. Akwai kundin ƙidayar Domesday na 1086, wanda ya lissafa ɗaruruwan coci a Suffolk da Norfolk amma ya yi kusan shiru a wasu yankuna, gwargwadon abin da masu ƙidayar kowane yanki suka ga ya dace su tambaya. Akwai ƙiyasin 1291 da aka yi bayan Fafaroma Nicholas na Huɗu ya yarje wa Edward na Ɗaya ya karɓi ushirin kuɗin shigar coci don yaƙin gicciye, wanda ya bi dukkan yankunan bishop 21 na Ingila da Wales, ko da yake ƙananan coci marasa abin hannu da yawa sun zame ta ƙarƙashinsa. Akwai ƙiyasin dukiyar coci na 1535 na Sarki Henry na Takwas, wanda share fage ne ga rushe gidajen zuhudu tsakanin 1536 da 1540. Wani abin tausayi a nan: takardun miƙa wuya da aka tilasta wa gidajen su buga wa hatiminsu suna nan a ma'adanar takardun gwamnati da ke Kew, kuma ga gidaje da dama wannan sawu na ranar mutuwarsu yana cikin mafi kyawun da suka rage. Sai rajistar bishop, inda ake rubuta duk limamin da aka naɗa wa kowane coci. In sunan wani coci ya riƙa fitowa bayan kowace shekara goma ko ashirin sannan ya yi tsit, ka san tsakanin wane lokaci da wane lokaci ya mutu.

Mu koma lambun Eye.

Garuruwa biyu ne ke da'awar su ne Dommoc. Na farko Dunwich, a bakin tekun Suffolk. A 1086 yana da coci uku da mutane kimanin dubu uku, babban gari ke nan a ma'aunin lokacin, kuma tun a wannan kundi an rubuta cewa teku ya kwashe rabin gonakinsa. A ƙarni na 13 ya zama tashar jiragen ruwa mai arziki, mai coci da gidajen addini da dama. Guguwar teku ta 1286 da 1287 da ta 1328 suka toshe tasharsa da tsakuwa, gaɓar mai taushi ta ci gaba da zaizayewa, coci bayan coci yana gangarawa ruwa. Na ƙarshe, All Saints, ya faɗi kashi-kashi tsakanin 1904 da 1919, mutane na ɗaukarsa hoto. Yau mazauna Dunwich ba su kai ɗari biyu ba. Hujjarsa ita ce kamannin suna, da girman da ya taɓa yi, da kuma al'adar da ta daɗe tana cewa nan ne.

Na biyu Walton, kusa da Felixstowe, can kudu. A nan akwai tsohuwar ganuwar sojan Rumawa a bakin teku, kuma sananne ne cewa sarakunan Saksonawa sun sha ba masu wa'azi na farko irin waɗannan kufan ganuwa su kafa coci a ciki, kamar yadda aka yi a Reculver da Bradwell. A Walton akwai cocin da aka sa wa sunan Felix tun da daɗewa, kuma wani ɗan zuhudun Norwich, Bartholomew Cotton, ya rubuta a ƙarshen ƙarni na 13 cewa Dommoc shi ne Felixstowe. A 1961 masanin kayan tarihi Stuart Rigold ya tattara waɗannan hujjoji ya tayar da muhawarar da ba ta kwanta ba har yau. Ita ma ganuwar Walton teku ya cinye ta a ƙarni na 18.

Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne masu da'awar tun farko suna da abin da za su ci a ciki. Gidan zuhudu na Eye, wanda Robert Malet ya kafa bayan zuwan Normawa, shi aka mallaka wa cocin Dunwich, yana kuma riƙe da wani tsohon littafin Linjila da 'yan gidan ke cewa na Felix ne. Cocin Walton kuwa na 'yan zuhudun Rochester ne. A zamanin da darajar waliyyi ke jawo maziyarta da kyautarsu, kowane gida yana da dalilin son a ce a ƙasarsa Felix ya zauna. Wannan bai mai da ɗayansu maƙaryaci ba, amma shaidar mai rabo a gado ba a karɓarta ba tare da tauna ba.

Yanzu ga hatimin Ethilwald an tsince shi 'yan taku ɗari biyu daga kangon gidan zuhudu na Eye. Magoya bayan Dunwich suka ce faɗuwa ta zo daidai da zama: 'yan zuhudun Eye sun kwaso kayan tsohon cocin Dunwich kafin ruwa ya iso, da littafin Felix da hatimin bishop, to me ya rage? Labarin yana da daɗin ji, kuma ba zan ce ba zai yiwu ba. Sai dai kowace gaɓa a cikinsa zato ce. Rubutun hatimin sunan mutum da muƙaminsa kawai ya ambata, babu sunan gari. An kafa gidan Eye fiye da shekara ɗari biyu bayan mutuwar mai hatimin. Kuma tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintoci a ƙafa daga Eye akwai ƙauyen Hoxne, wanda kundin Domesday da kansa ya ce cocinsa ne mazaunin bishop na Suffolk kafin 1066. In ana neman hanyar da hatimin bishop zai bi ya iso wannan yanki, Hoxne ta fi Dunwich kusa da Eye nesa ba kusa ba. Ban da haka, Ethilwald ya rayu ne a shekarun da ake gudun Vikin, kuma hatimi abu ne da ake ratayawa a wuya ko a sa a jaka. Inda ya faɗi yana iya zama inda mai shi ya kwana ɗaya kawai.

Wannan darasi ya ƙara muhimmanci yanzu da masu yawo da na'urar gano ƙarfe ke tono uwayen hatimi a gonakin Ingila kowace shekara, ana shigar da su rajistar da aka buɗe a 1997 don abubuwan da jama'a ke tsinta. Taswirar inda aka tsince su tana da amfani in an tara da yawa, domin tana nuna hanyoyi da kasuwanni da inda ake zubar da shara. Ɗaya tilo kuwa ba ta kafa coci a inda ta faɗi. Har sawun kaki ma ya fara ba da irin wannan gargaɗi: wani aikin bincike na jami'o'in Lincoln da Aberystwyth ya ɗauki ƙwararrun zanen yatsa suka duba sawun hannun da ya rage a bayan curin kaki, aka ga ba kullum mai hatimin ne ke riƙe kakin da hannunsa ba.

In aka matsa mini in zaɓa, na fi karkata ga Walton, saboda ganuwar Rumawa da sunan Felix da ya manne wa wurin, kuma saboda kamannin suna shi ne mafi raunin hujja a wannan fanni. Amma karkata ce kawai, kuma hatimin Eye ba ya cikin abin da na auna, ko ta wane ɓangare.

A Dunwich dai an shiga ruwan. Mai nutso Stuart Bacon ya fara tun shekarun 1970, yana lalube da hannu, domin ruwan wurin laka ce, mutum ba ya ganin tafinsa. Daga 2008 tawagar Farfesa David Sear na Jami'ar Southampton ta zo da na'urorin da ke aika sauti ƙarƙashin ruwa su zana abin da ya dawo. Jagoransu taswirar da Ralph Agas ya zana a 1587, wadda ta tsira ta hanyar kwafin da aka buga a 1754. Suka ɗora ta a kan taswirar yau, suka san inda za su nufa. Sun gano tarin duwatsun cocin St Peter da na St Nicholas da wasu gine-gine, suka fitar da iyakar garin. Duk waɗannan na bayan zuwan Normawa ne, na dutse da turmi. Cocin Felix, in ma a Dunwich yake, mai yiwuwa na katako ne, kuma ya riga su shiga ruwa da ɗaruruwan shekaru, a can gabas inda yashi ya binne komai. A Walton kuwa, idan ruwa ya janye sosai, ana hango wasu baƙaƙen curarrakin gini daga bakin gaɓa, sannan ruwa ya dawo ya rufe su.